Randa ma gumi take yi

Wata rana a tsakiyar bazara, wata kaka daga wajen Madara ta kawo jikanta ɗakin da nake duba yara a nan Azare. Yaron bai kai shekara biyu ba. An sa masa hula da safa, an naɗe shi da zani biyu, an ƙara da bargo. Na ɗora ma'aunin zafi, ya haura digiri 39.

Na ce, "Inna, a cire masa kayan nan."

Ta ce, "Malama, ba ki ga rawar sanyi yake yi ba? Yaya jiki zai yi zafi kamar garwashi, mai shi kuma yana karkarwa?"

Tambayar ta fi ta ɗalibai da yawa kyau, kuma amsarta tana tsakar gidanta. Sai na tambaye ta me ya sa ruwan randa yake sanyi alhali na jarka yana zafi, ga su a inuwa ɗaya. Ta ce ai ƙasa ce, haka Allah ya yi ta. Gaskiya ta faɗa, amma da yadda abin yake faruwa. Jikin randa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsatsafowa ta nan, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da zai bushe sai ya tafi da zafi daga wurin da ya tashi. Jarka ba ta tsatsafo, shi ya sa zafinta yake zaune a ciki. Da wannan hikimar Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya haɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don kada tumatir da alayyafo su lalace da wuri, har ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000.

Fatar mutum randa ce. Jiki yana son zama kusa da digiri 37, idan ya wuce sai ya fitar da gumi, gumin ya bushe, zafi ya tafi. Manomi ko mai tura ruwa a ranar Afrilu yana iya zubar da gumi fiye da lita ɗaya cikin awa guda. Da damina kuwa iska ta riga ta ƙoshi da danshi, gumi ba ya bushewa, mutum ya yi sharkaf amma babu sauƙi. Ku lura, ruwan randa ma ba ya sanyi da damina kamar yadda yake yi da rani.

To, rawar sanyin fa? Idan cuta ta shiga jiki, kamar zazzaɓin cizon sauro, ƙwaƙwalwa takan ɗaga mizanin zafin da take so. Sai jiki ya ji kamar ya gaza, ya kama karkarwa don ya kunna wa kansa wuta. Yayin karkarwar a yafa wa yaro zani ɗaya mara nauyi, ya isa. Jibga masa bargo daidai yake da ɗaure randa cikin leda. A bar shi da riga shara-shara, a ba shi ruwa akai-akai, a goge masa jiki da ruwa mai ɗan ɗumi. Ban ce ruwan ƙanƙara ba, domin yana ƙara karkarwa. Sannan a kawo shi a gwada jini kafin a sayi maganin zazzaɓi a kemis. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kawai ake ƙara masa, wanda bai kai wata uku ba kuwa, da jikinsa ya yi zafi asibiti ake nufa, ba a jiran gari ya waye. Haka ma idan wuya ya sandare ko yaro ya fara jijjiga, musamman a watannin zafi da sanƙarau ke yawo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babban da ya wuni a rana, jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya kasa gane mutane, wani lokaci fatar ma a bushe. Randa ta ƙafe ke nan. Wannan ba na zaman jiran sauƙi ba ne: a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi ta fifita, a nemi mota. A nan ruwan sanyi ake so, saɓanin mai zazzaɓi.

Gwajin yaron ya nuna zazzaɓin cizon sauro, muka fara magani. Kakar ta ninke bargon ta sa a ƙarƙashin hammata. Da za su fita sai ta juyo ta ce, "Malama, saura ki gaya mini me ya sa albasa take sa hawaye." Na ce ta bari sai ranar da za su dawo.