Bindigar iska ta ɓata saiti? Kada a fara da sifirin

A unguwarmu Panshekara da gonakin bakin kogin Challawa, akwai masu ajiye bindigar iska don harbin kurciya ko ɓerayen sito. Da yake sun san injiniyanci nake karantawa, sukan tare ni da ƙorafi guda: "Malam, ta daina saiti, sifirin ɗin ya mutu." Sau da yawa sifirin lafiyarsa ƙalau. Darasin da aka koya mana a wokshof ya shafe ta: a fara da abu mai sauƙi, kuma a canza abu ɗaya tak a lokaci guda.

Mu fara da yadda take aiki. Idan ka karya bututun, ka matse sifirin ke nan. Da ka ja kunama, sifirin zai tunkuɗa fistan gaba, fistan ya matse iska, iskar ta kori harsashin dalma. Yayin da fistan ke tafiya gaba bindigar na ja baya, da ya tsaya kuma sai ta zabura gaba. Duk wannan girgizar tana farawa ne tun harsashin yana cikin bututu, shi ya sa ƙaramin abu ke ɓata saiti.

Kafin gyara, a yi gwaji. Kafa kwali a nisan mita 10, nisan da ake gasar bindigar iska a wasannin Olamfik, a bayansa kuma tudun yashi. Yi harbi biyar a ɗigo ɗaya, ka auna faɗin ramukan. Idan sun taru wuri guda amma gefe da ɗigon, ma'aunin saiti kawai za a juya. Idan sun warwatse, sai a bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ana maimaita gwajin.

Na farko, sukurori. Girgiza na sassauta waɗanda suka haɗa ƙarfe da ƙota, da wanda bututun ke juyawa a kansa. Ɗaure su daidai, ba da ƙarfin tsiya ba.

Na biyu, riƙo. Wannan bindigar ba ta son a matse ta. Ɗora ta a tafin hannu a buɗe, wuri ɗaya kullum, ka bar ta ta yi motsinta. Kada ka jingina ta kan bulo ko bango kai tsaye.

Na uku, harsashi. Bindigogin da aka fi samu masu milimita 4.5 ne ko 5.5. Ware duk wanda gindinsa ya lanƙwashe, kuma kada ka gauraya iri biyu a gwaji ɗaya.

Na huɗu, robar da ke gindin bututu. Shimfiɗa ƴar takarda mara nauyi a kan mahaɗar, ka harba. In ta yi tsalle, iska na zurarewa, robar ce za a canza.

Na biyar, mai. Wasu na ɗiga bakin mai ko man keke a ramin iska. Matsin fistan na kunna man kamar yadda injin dizal ke yi, sai ka ji ƙara, ka ga hayaƙi, harsashi ya tafi da gudun da bai saba ba, robar fistan kuma ta ƙone. Haka harbi babu harsashi ke lalata ta. Sai an wuce duk waɗannan ake zargin sifirin, shi kuma aikin ƙwararre ne, domin a matse yake ko ba a ɗana ba.

Ƴan'uwa ɗalibai, wannan ba abin wasa ba ce. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta lissafa bindigar iska cikin makaman da sai da lasisin ƴan sanda ake mallaka. Harsashin da ya kauce kuma yana iya tsiyaye idon yaro a bayan danga. Don haka in saitinta ya ɓaci, a rataye ta har sai gwajin kwali ya nuna ta dawo daidai.