Amsoshin Tambayoyinku: Ina Baƙon Birni Zai Sami Abinci Mai Asali?

TAMBAYA: Ni matashi ne daga Kaikai, ta wajen Kankia da Kusada. Na sami aiki a Kano, kuma tun da na zo babu abin da ke damuna kamar abinci: ga tsada, ga rashin ɗanɗano, cikina ma ya ƙi zama. Ina gani a waya yadda Turawa ke yabon kasuwannin manoma a biranensu, da gidajen abincin da ba sa ɓarna, da ƙananan masu haɗa abin sha. Shin akwai irin wannan a wajenmu, ko kuwa sai an tsallaka teku? In akwai, ta ina zan fara?

AMSA: Ƙanena, Allah ya sa albarka a aikin, ya ba ka lafiyar cin moriyarsa. Akwai, har ma ya fi ƙarfin yawonka. Abin da ka gani a waya, mutanen can sai da suka rasa shi sannan suka koma nemansa da kuɗi mai yawa. A 1986 aka buɗe shagon McDonald's a tsakiyar birnin Rum, wasu 'yan Italiya ƙarƙashin wani marubuci, Carlo Petrini, suka tashi suna kare girkin garuruwansu, daga nan ƙungiyar Slow Food ta samo asali. Buƙatarsu ita ce mai ci ya san inda abincinsa ya fito, ya ci abu a lokacinsa, manomi kuma ya sami haƙƙinsa. Kai da ka tashi kana ganin gero tun yana zangarniya har ya shiga turmi, wannan ilimin yana hannunka. Abin da ya rage shi ne ka yi aiki da shi a Kano, inda hanya tsakanin gona da tukunya ta yi tsawo, hannuwan da ke taɓa abinci kuma suka yi yawa.

Fara da kasuwa, domin ita ce uwar sauran. Ranar da ka taho, motarku ta bi ta Tsanyawa da Bichi, kuma kafin ku shiga gari kun wuce Dawanau. Wannan ita ce babbar kasuwar hatsi da ake ji da ita a Afirka ta Yamma. Daga nan ake lodin gero da dawa da masara da wake da riɗi zuwa kudancin ƙasar nan, da Nijar, da Chadi, da Kamaru. Ba abin mamaki ba ne wani buhun da ke can daga gonakin yankinku ya fito, ya bi ta hannun 'yan sari a kasuwannin ƙauye. Kayan miya kuwa 'Yankaba ce gidansu, kayan marmari sai 'Yan Lemo da ke Na'ibawa. In kana son ka ga tsohuwar Kano, shiga Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Har gobe a can ake samun kanwa da kayan yaji da ƙwarya da ludayi. Waɗannan manyan wurare na masu sayen buhu da kwando ne, saboda haka ku haɗa kuɗi da abokan zamanka, ku saya a dunƙule, ku raba da tiya. Mutum ɗaya da ke sayen gwangwani-gwangwani a shagon unguwa shi ne ya fi kowa biyan tsada a birni.

Sai kuma lokaci. Hatsi da kaka ake sayensa, daga Oktoba zuwa Disamba, kafin 'yan ajiya su kwashe. Wannan ba sai na koya wa ɗan manomi ba. Abin da baƙon birni ke mantawa shi ne kayan lambu ma suna da kakarsu. Tumatirin da ke cika Kano da sanyi har zuwa farkon bazara, yawancinsa daga Kadawa da Kura da Garun Malam yake, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Wani kuma daga Ɗanja ta jiharku. A wannan lokacin kwando kan yi araha har manomi ya rasa kuɗin mota. Da damina ta kama sai ya yi wuya. Haka kuma annoba kan shigo, kamar tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a 2016 har farashi ya ninka sau da yawa. To mai hankali yakan sayi tumatir da tattasai da attaruhu lokacin arha, ya yanka ya shanya a kan tabarma mai tsabta, ba a gefen kwalta ba, ya ajiye kauɗarsa. Da damina kuma ga zogale, ga rama, ga tafasa, ga ɗanyar kuɓewa, ga yakuwa, duk a kuɗi kaɗan. Wanda ya dage sai ya ci miyar ɗanyen tumatir a watan Yuli, shi zai yi ta kukan tsada.

A cikin kasuwar kuma ka yi amfani da hannunka da hancinka. Ɗauki wake misali. Ɗebi cikin tafi, ka murza, ka shinshina. In ka ji wani wari mai hawa kai, ko ka ga wani farin gari ya manne a tafinka, ajiye shi ka wuce, ko da an sallama maka a rabin kuɗi. Wasu masu ajiya suna zuba maganin ƙwari irin su fiya-fiya kai tsaye a buhu. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta a 2015, saboda yawan gubar da aka samu a ciki. Abin da suka ƙi karɓa kuwa a tukwanenmu yake ƙarewa. A ganina waken da ka ga 'yar huda ɗaya ko biyu a jikinsa ya fi kwantar da hankali a kan wanda yake fes babu ko ƙwaro alhali an yi wata takwas da girbi, sai fa in mai shi ya nuna maka a buhun nan mai leda biyu a ciki ya ajiye, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba. Haka ayaba da mangwaro: in bayan ya yi rawaya sosai amma cikin da tauri babu zaƙi babu ƙamshi, akwai alamar da sinadarin kabayid aka nunar da shi, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa.

Abin da ya fi duk wannan shi ne ka yi mutum. Zaɓi mai kayan miya ɗaya, mai hatsi ɗaya, mahauci ɗaya, ka riƙe su. Ka gaishe su kafin ka taya, ka tambayi gida, ka tambayi daga ina kayan yau suka zo. Yi ciniki, ai kasuwa ce, amma in ya ce albarka sau biyu kada ka matse shi har ya sayar maka yana jin ciwo. Bayan 'yan makonni za ka ga gyaran da yake ƙara maka ya fi ragin da kake faɗa a kai, kuma ranar da kayan ba su yi kyau ba shi da bakinsa zai ce, "Yau kam bari sai jibi." Takardar shaida da Turawa ke liƙa wa kaya aikin da take yi ke nan, mu kuwa da sanayya muke yinsa.

Gidan abinci da ba ya ɓarna, kada ka neme shi a inda aka yi gilashi da fitilu. A can Turai har lambar yabo ake ba irin waɗannan gidaje. Littafin Michelin ya ƙirƙiro koren tauraro dominsu a 2020. A nan, tsaya bayan rumfar wata mai tuwo da ta daɗe a sana'a ka duba da kyau. Dawarta daga kasuwar da ke kusa take. Dusar da aka surfe ta tafi wajen awaki. Ruwan tsari ya shiga kwatarniyar dabbobi. Kukarta ganyen bishiya ce da ba a shuka ta da taki, daddawarta daga kalwar ɗorawa, man shanunta daga rugar Fulani. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame da safe, ƙanzo ma bai tafi bola ba, abin da ya ragu kuma almajirai na jira da roba. Da wuya ka ga lomar da ta lalace. Inda take da rauni wuri biyu ne, kuma ba zan ɓoye maka ba: itacen da take ƙonawa a murhun duwatsu uku, wanda daga dazuzzuka irin na wajenku ake saro shi, da ledar da take ƙulla tuwo mai zafi a ciki. Na biyun a hannunka yake. Sayi kwanon samira mai murfi ka riƙa zuwa da shi. Ledar nan ita ke toshe magudanun Kano duk damina, ita kuma mahauta ke tsinta a tumbin shanu da tumaki.

Game da cikinka, ka ci a inda layi yake, domin abincin da ke ƙarewa da wuri ba ya kwana. Ka fi son abin da aka sauke a gabanka: waina daga tanda da miyar taushe, ɗanwake daga tukunya, ƙosai daga kasko, tsire da ya sha wuta. Duba ruwan wanke kwanuka kafin ka duba miya. Man suya in ya yi baƙi yana kumfa, an juya shi ya gaji. Kada ka bar Kano ba ka ci gurasa bandashe ba, wadda aka yayyafa wa ruwa, aka barbaɗe da ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa da albasa. A nan ne gidanta.

Saura abin sha, kuma a nan sai mu yi magana a fili. Ƙananan masana'antun da ka gani a waya yawancinsu na giya ne. A Amurka, a ƙarshen shekarun 1970 masu yin ta ba su kai 100 ba, yau sun haura 9,000, domin mutane sun gaji da ta manyan kamfanoni. Wannan ba hanyar da zan nuna maka ba ce. Addininmu ya haramta, Kano da Katsina kuma suna aiki da shari'ar Musulunci tun 2000. Ƙasar Hausa ta san burkutu na dawa a wajen Maguzawa tun da daɗewa, wannan tarihi ne. Amma abin da ya burge ka a labarin, wato ƙaramin mai sana'a da aka sani da suna, mai haɗa abu da hatsin yankinsa kuma kowa da irin hannunsa, muna da shi a kowace unguwa ba tare da maye ba.

Dubi kunun zaƙi. Mai yi takan jiƙa gero ko dawa ya kwana, ta wanke, ta kai niƙa da citta da kanumfari da masoro. Sai ta raba ƙullun biyu. Kashi mafi yawa ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri. Ƙaramin kashin ta haɗa shi da niƙaƙƙen busasshen dankali ko tsiron hatsi, ta jira mai zafin ya huce kaɗan, sannan ta juye a ciki ta rufe. Kafin gari ya waye kaurin ya saki, kunu ya tsinke, zaƙi ya fito daga jikin hatsin da kansa, da ɗan tsami-tsami a bayan harshe. Sai tata. Aikin da tsiron ke yi a nan shi ne wanda masana'antun lemon malt ke biyan injiniyoyi su yi. Lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje a 1988, dawar Arewa suka koma saye. Gwanar kunu ana gane ta da ƙarancin sukari. In ka sha ka ji sukari ne a gaba, an gajarce aikin.

Zoɓon da ake ƙullawa a leda a ba yara, shi ake lodawa kwantena-kwantena daga Jigawa da Kano zuwa Meziko, inda suke shan sa kamar yadda muke sha. Ayar da ake kawowa daga yankin Maraɗi, mutanen Balensiya a Sifen suna da shaguna na musamman don kununta. Kunun aya dai ba ya jure zafi, 'yan sa'o'i kaɗan ba sanyi ya lalace, don haka in ka buɗe gora ka ji ta yi tsit da iska, kada ka sha. Fura kuwa ka nemi wadda za a dama a gabanka, ka tambaya ko an dafa madarar kafin a kwantar da kindirmon, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da cuta, ciki har da tarin fuka na shanu.

Hattara ta musamman da garin ɗanɗano da kala da ake zubawa a zoɓo da lemon ƙulli. A watan Maris na 2021 an kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Zoɓo na gaskiya bai buƙatar komai ban da citta da kanumfari da ɓawon abarba ko kokwamba, tsamiya kuma tsaminta ya ishe ta. Tambayi mai yi da wane ruwa take haɗawa da kuma yadda take wanke gorunan, tunda yawancinsu tsintattu ne. Wadda ke da tsabta ba za ta ji haushin tambayar ba, za ta ma nuna maka. In ka sami irinta, kai mata gorarka ta zuba maka, ka kuma gaya wa abokan aikinka inda take.

Duk zuwan da za ka yi gida, kada ka dawo hannu sake. Taho da gero da wake daga rumbun gida, da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da man gyaɗa daga hannun iyayenmu mata na Kaikai, ka biya su kuɗinsu cif kamar yadda za ka biya a 'Yankaba. In abokan aikinka sun ɗanɗana sun yaba, karɓi saƙonsu ka riƙa taho musu da shi, ka rubuta abin da kowa ya bayar don kada lissafi ya rikice.