Ƙugun kaza da ƙasusuwan Gadufawa: yadda ake gane dainoso

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu a fim muka san dainoso, shi ya sa muke ɗaukarsa tatsuniyar Turawa. Alhali ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake tono ƙasusuwansa a Afirka yana maƙwabciyarmu Nijar, a Gadufawa, cikin saharar Tenere da ke jihar Agadas. To amma kafin mu je can, mene ne ma dainoso ɗin?

Ba girma ke sa a kira dabba dainoso ba. Mu da muka tashi a Ƙofar Wambai mun san majemi ba ya duba launin fata in zai ce ta akuya ce ko ta tunkiya, domin rini na iya ruɗar kowa. Ƙirarta yake dubawa. Haka masana suke yi da ƙashi, kuma wurin da suka fi zuba wa ido shi ne ƙugu. Dubi ƙadangare a jikin katanga: ƙafafunsa a baje suke gefe da gefe, yana tafe yana karkaɗa jiki. Na dainoso a miƙe suke a ƙarƙashinsa, kuma gurbin da kan ƙashin cinya ke shiga a huje yake. In ka samu kaza, ka gama da naman, ɗaga ƙashin ƙugunta ka duba, za ka ga hujin. Tsuntsaye dai daga zuriyar dainoso suka fito.

Richard Owen na Ingila ne ya raɗa sunan a 1842. A 1887 Harry Seeley ya raba su gida biyu: Saurischia masu ƙugu irin na ƙadangare, da Ornithischia masu ƙugu irin na tsuntsu. Ga inda ɗalibi ke faɗuwa a jarrabawa: tsuntsaye daga gidan masu ƙugun ƙadangare suka fito. Kamar da ke tsakaninsu da ɗaya gidan kama ce kawai. Rabon Seeley ya yi shekara 130 ana karantar da shi, sai a 2017 Matthew Baron da David Norman da Paul Barrett suka ce a sake lale: maciya nama sun fi kusa da Ornithischia fiye da yadda suke kusa da masu dogon wuya. Har yau ana ta ja.

Me ya kawo jayayyar? Dainoso na farko-farko ne. Eoraptor da Herrerasaurus, waɗanda aka tono a Ischigualasto ta Ajantina, sun rayu kimanin shekara miliyan 230 da suka wuce. An san haka ne ta auna tokar aman wutar dutse da ke cikin shimfiɗun da suka binne su. A lokacin gidajen ba su gama rabuwa ba, kowa na kama da kowa. Eoraptor tsawonsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Da aka bayyana shi a 1993 an sa shi cikin maciya nama, daga baya masana da dama suka mayar da shi dangin masu dogon wuya. Mbiresaurus na Zimbabuwe, wanda aka bayyana a 2022, shi ma sa'ansu ne, kuma ba mamaki, tunda a zamanin Afirka da Kudancin Amurka a manne suke. Akwai kuma Nyasasaurus na Tanzaniya, wanda wasu ke ganin ya girme su duka, amma abin da aka samu nasa ƙashin hannu ne da 'yan ƙasusuwan baya. Ni dai a ganina, yanke hukunci a kan wannan kamar a ba ka guntun fata ne mai faɗin tafin hannu a ce ka faɗi garin da akuyar ta fito.

Na Nijar kuwa 'yan baya-bayan nan ne in an gwada su da waɗancan. Philippe Taquet ɗan Faransa ya fara aiki a Gadufawa a shekarun 1960, a 1976 ya raɗa wa Ouranosaurus nigeriensis suna, ɗan gidan Ornithischia mai tozo kamar filafilan jirgi a bayansa. Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya biyo da Suchomimus mai kamun kifi a 1998, da Nigersaurus a 1999, mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500. Duk sun rayu wajen shekara miliyan 110 baya. Lissafa ka gani: tazarar da ke tsakanin Eoraptor da Nigersaurus ta fi wadda ke tsakanin Nigersaurus da mu. Kuma a kula, Sarcosuchus na Gadufawa, duk da girmansa, ɗan uwan kada ne.

Wani zai ce, to mu Kano fa? Birnin nan a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, wanda zafi da matsi suka samar a can ƙarƙashin ƙasa, irinsa ba ya ajiye ƙashi. Burbushin halittu sai a dutsen da ya samu daga laka da yashi da ruwa ya jibge. Irinsa na nan a Sakkwato, inda teku ya taɓa ratsawa. A can aka tono Goronyosaurus, wanda ya ci sunan Goronyo a 1972. Shi ma ba dainoso ba ne, ƙaton ƙadangaren teku ne na wajen shekara miliyan 70 baya. Wanda tafiya ta kai shi Yamai kuwa, ya leƙa gidan tarihi na Boubou Hama, akwai kwarangwal ɗin wasu daga cikin na saharar a tsaye. Ya fara da duba ƙugun.