Idan ka gaji tsohuwar bindiga

A Ingila akwai masu tara tsofaffin bindigogin da aka toshe wa baki, irin su Sten ta 1941, wadda ake ganewa da gidan harsashinta da ke fitowa ta gefen hagu. To, Malam, Tsafe da Bungudu ba Landan ba ne. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta haramta riƙe bindiga mai sarrafa kanta sai da izinin Shugaban Ƙasa, ko bindigar toka ma tana iya buƙatar lasisi. Sojan da ke shinge kuwa ba ruwansa da tsatsarta.

Idan ka gaji bindiga, kada ka goge lambarta, kada ka kai wa maƙeri, kada ka ɗauko ta a buhu. Sanar da mai unguwa, ya raka ka wurin 'yan sanda a Gusau, su zo su ɗauka da kansu.