Zaɓen Murhun Itace Domin Ɗumama Ɗaki a Ƙasar Tudu

An shirya wannan takarda ne musamman domin manoman da ke zaune a kan tudu, inda sanyi ya fi tsanani, watau wurare irin su Jos, Barikin Ladi, Bokkos, Mangu da Pankshin a Jihar Filato, da kuma tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga bakin teku, Mambila kuwa ta haura mita 1,500. In mutum ya hau mita 1,000, zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6. Shi ya sa a watan Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, barci kan gagari yara da tsofaffi a ƙauyukan Filato. A Mambila kuma har da sanyin damina, ga ruwa ga hazo, tufa ta kwana biyu a kan igiya ba ta bushe ba.

Tun kaka da kakanni ana shiga ɗaki da kaskon garwashi, ko a hura wuta a tsakar ɗaki a kwana ana jin ɗumi. Yanzu wasu sun fara zuwa wurin masu walda ana ƙera masu murhun ƙarfe mai ƙofa da bututun fitar da hayaƙi. Wannan ci gaba ne, kuma muna goyon bayansa. Amma kusan duk wanda ya zo neman shawara tambayarsa ɗaya ce: "Malam, in sa a yi mini babba ne?" Amsata a mafi yawan lokaci ita ce, dakata tukuna, je ka auno ɗakinka.

Babban murhu a ƙaramin ɗaki

Akwai wani manomin dankalin Turawa da na ziyarta a wajen Bokkos. Ya sayar da amfanin gonarsa, ya samu kuɗi, sai ya sa aka mai da masa ganga sukutum, irin mai cin lita 200, ta zama murhu. Ya kafa ta a ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi. Daren farko da ya cika ta da itace, kafin a yi sallar lisha iyalinsa sun fito tsakar gida suna fifita. Ka ga an ƙona itacen kwana uku domin a ɗumama sararin Allah. Daga nan sai ya koma yana toshe kafar iska don wutar ta lafa. Wutar kuwa ta lafa, amma ta daina ci sosai, sai turnuƙewa. Kafin wata biyu bututun ya cika da baƙar kunkunniya mai danƙo kamar kwalta, hayaƙi ya riƙa dawowa ɗaki, yara suna tari.

Dalilin haka shi ne, itace ba ya ba da dukan zafinsa sai wuta tana ci da harshe. Hayaƙin da kake gani yana fita, ai makamashi ne wanda bai ƙone ba. Ƙaramin murhu da ke ci bal-bal ya fi babba da aka shaƙe wa wuya: ya fi ba da ɗumi a kan kowane dami, ya fi tsabta, kuma bututunsa ba ya saurin toshewa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Auna ɗaki tukuna

Murhun da ake ƙerawa a ƙasashen sanyi, kamar Ingila, akan rubuta ƙarfinsa a jiki da ma'aunin kilowat. A Ingila masu sayarwa sukan ƙiyasta kilowat 1 ga kowace mita 14 ta cikin ɗaki, watau in an buga tsawo da faɗi da tsayi. Ɗakin nan mai ƙafa 12 da 12, in tsayinsa ƙafa 8 ne, cikinsa wajen mita 33 ke nan. To, ko a can inda ƙanƙara ke sauka, bai kai ya nemi kilowat 3 ba, balle a nan inda ruwa ba ya daskarewa a randa. Saboda haka in ka ga murhun waje a kasuwar kayan gwanjo an rubuta 8 ko 10, wannan na babban zaure ne.

Mai walda ba zai gaya maka kilowat ba. Abin da za ka duba shi ne cikin murhun, inda itace ke zama. Ga ɗakin kwana guda, shawarata ita ce murhun da zai ɗauki faskare uku ko huɗu masu tsawon ƙafa ɗaya. Ya isa.

Kafin ma ka kashe ko kwabo a kan murhu, dubi inda ɗumi ke tserewa. Zafi sama yake tashi. Ɗakin kwano marar silin kamar tukunya ce ba marfi, duk abin da ka hura kwano zai miƙa wa dare. Sa silin, ko da na zana ne ko tabarma. Liƙe tsagar bango da laka, rataya bargo ko buhu a bakin ƙofa, gyara tagar da ba ta rufuwa. Na sha ganin gidan da aka yi wa wannan gyara, mai gidan ya fasa neman babban murhu. Amma fa kada a toshe ko'ina ƙirƙir. Tilas ne a bar kafa guda ta shigar iska, kusa da ƙasa, domin wuta numfashi take yi kamar mutum.

Inda babba ya dace

Ba cewa nake yi babban murhu ba shi da rana ba. In gidanka falo ne da ɗakuna biyu da ƙofofinsu ke buɗewa cikin falon, ƙarami ba zai kai ko'ina ba. Haka in ana so a ɗora babbar tukunyar tuwo ko ruwan wankan yara a kansa, a huta da hura wuta biyu. Haka kuma mutanen Mambila da ke shanya tufafi a ɗaki da damina. A irin wannan hali a nemi wanda zai ɗauki faskare mai inci 18, a kafa shi a tsakiyar gida, jikin bangon da ya raba ɗakuna. Wani amfaninsa kuma, yakan rage wahalar sara, tun da ba sai an guntule itace ƙanana ba.

Sai dai ka yi lissafin itacenka kafin ka yi na murhu. Babban ciki babban ci. In matanka da 'ya'yanka ne ke tafiya mil biyu ko uku neman ƙirare, to, kowane inci da ka ƙara wa murhu a wuyansu zai sauka. Tambaye su kafin ka je wurin mai walda.

Yawancin masu neman babba abin da ke damunsu shi ne sanyin asuba. Wuta ta mutu tsakar dare, ɗaki ya huce. Maganin wannan nauyi ne, ba faɗi ba. Ƙarfe yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin sakinsa. Laka da jan bulo da dutse kuwa suna sha a hankali, su riƙa fitarwa a hankali. Jera jan bulo a cikin murhun, ƙasa da gefe, sa'an nan ka gina ɗan bango na tubali a bayansa da gefunansa biyu, ka bar tazarar yatsu huɗu domin iska ta zagaya. A hura wuta mai kyau da magariba, a ƙara sau ɗaya kafin a kwanta, a bar ta ta cinye. Tubalin zai riƙe ɗumi bayan wutar ta mutu. Bulon ciki kuma yana hana ƙarfen saurin cinyewa.

Abin da za ka gaya wa mai walda

Ya yi amfani da ƙarfe mai kauri. Ƙofa ta rufu ruf, da 'yar kafar iska a ƙasanta wadda za a iya buɗewa a rage. Ya sa fallen ƙarfe a ciki daga sama, ƙarƙashin bakin bututu, yadda harshen wuta zai yi kwana kafin ya fita. In babu wannan falle, zafin duk bututu zai bi. Kada a yi murhu da gangar da aka zuba maganin ƙwari ko na ciyawa. Gangar fetur kuwa takan fashe a hannun mai yanka ko da ta daɗe ba kome a ciki. Kwanon rufi ma bai dace da murhu ko gindin bututu ba, domin farin shafen da ke jikinsa yana fitar da tururi mai cutarwa in ya yi zafi ƙwarai.

Bututu shi ne rabin murhu. Mai faɗin inci 5 ko 6 ya wadatar. Ya tafi sama sak gwargwadon iko, domin kowace kwana tana rage jan hayaƙi. Bakinsa ya ɗara wurin da ya huda rufi da ƙafa 3, ya kuma ɗara duk wani abin da ke kusa da shi, cikin tazarar ƙafa 10, da ƙafa 2. A sa masa hula saboda ruwan sama. Tsakanin murhu da duk abin da zai iya kama wuta, gado ne, labule ne, buhun hatsi ne, a bar ƙafa 3. Tsakanin bututu da katakon rufi ko silin a bar inci 18, a cike wurin da fallen ƙarfe. Mai ɗakin jinka kada ya kuskura ya fitar da bututu ta cikin ciyawa. Ya huda bangon laka, ya fitar da shi nesa da bakin jinka, ya ɗaga shi sama. In hakan ba zai yiwu ba, gara a haƙura har a samu ɗakin kwano. A ƙasan murhu a shimfiɗa bulo, a kuma yi ɗan shinge saboda masu rarrafe.

Itace

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In ka sa shi a wuta, sai ta fara dafa ruwan nan ta kore shi kafin ta ɗumama ka. Mutane da yawa da ke kukan murhunsu ya yi ƙanƙanta, itacensu ne bai bushe ba. A sare, a faskara, a jera bisa duwatsu ƙarƙashin rumfa, sama a rufe, gefe a buɗe, wata shida ko fiye. Watau itacen hunturu mai zuwa, yanzu ake tanadinsa. Busasshe za ka ga bakinsa ya tsattsage, in ka gwara biyu su yi ƙara ƙwal. Ɗanye kuwa yana tsuwa a wuta, kumfa na fita ta bakinsa.

Itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, ya yawaita a Filato da Mambila, kuma in an sare shi yakan sake toho daga kututture. A faskara shi tun yana ɗanye, in ya bushe gatari ba ya shigarsa da sauƙi. Marke da ƙirya suna da nauyi, suna daɗewa suna ci. Malaina ba ta da nauyi, ta fi kyau wajen tayar da wuta. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya kuwa a bar su, abincin da suke bayarwa ya fi wutarsu daraja. Wanda zai kafa murhu ya dasa 'yan itatuwansa a gefen gona, amma turare a nisanta shi da shuka da bakin rafi, domin yana da shan ruwa. Kada a ƙona leda, roba, ko katako mai fenti. Kada a tayar da wuta da fetur.

Iskar da ba a gani

Duk wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Garwashin gawayi da ya yi ja ba hayaƙi, wanda mutane ke ɗauka ba shi da illa, yana fitar da ita sosai, kuma ita ce ke kashe masu kwana da kasko a rufaffen ɗaki. Murhu mai bututu ma zai iya sakinta in bututun ya toshe, ko in an cika shi da itace an rufe iska don ya kai safe. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, kada a ce zazzaɓi ne. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, wanda ya galabaita a kai shi asibiti nan da nan. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara in gubar ta taru. Wanda ya samu hali ya saya.

Sau ɗaya a wata, muddin ana amfani da murhu, a cire bututu a kankare shi da sanda mai tsumma ko waya. In kunkunniya ta kai kaurin tsinken ashana biyu, ta isa kama wuta a cikin bututun.

Masu ajiye masara a saman ɗakin girki, yadda ake yi a Mambila, su tuna hayaƙin wutar ƙasa ne ke busar da ita yana korar ƙwari. Murhu mai bututu ba zai yi wannan aiki ba. A bar masara a ɗakin girki yadda aka saba, a kai sabon murhu ɗakin kwana ko falo.

Toka kuma a kwashe ta a bokitin ƙarfe, a ajiye waje nesa da zana, domin garwashi yakan kwana biyu da rai a cikinta. In ta huce taki ce mai kyau ga masara da lambu. Amma kada a haɗa ta da takin yuriya, tana sa ƙarfinsa ya bi iska. Kada kuma a jibga ta a gonar dankalin Turawa, domin tana ƙara masa ciwon nan da ke sa bayansa ya yi kirci, 'yan kasuwa su karya farashi.