Baƙon Wudil daga Nijar, riƙe takardunka

Duk Juma'a kasuwar shanu ta Wudil ba ta rasa baƙi daga Maraɗi da Damagaram. Harshe ɗaya, addini ɗaya, sai mutum ya manta ya tsallako iyaka, har ranar da jami'i ya tare shi: "Malam, ina takardunka?"

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba baƙo daga ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba biza. Wanda zai zarce haka sai ya yanki katin zama a Hukumar Shige da Fice. Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025, amma ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfon 'yan ƙasar har sai an sake sanarwa. Ɗauki hoton takardunka a waya, ka bar kwafi wurin mai masaukinka.

In an tsare ka, kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Beli wurin 'yan sanda kyauta ne, ko da an raɗa maka zancen na goro. Sa a sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano, a kuma nemi lauyan Hukumar Ba da Agajin Shari'a, mai tsaya wa marasa hali ba ko sisi.