DARASI: CIKON KUƊIN BAFATAKE DA YA RAGE A HANNUN MAIGIDA

'Yan'uwa 'yan kara na Savelugu da Yendi da Salaga da Bawku, darasinmu na wannan fitowa a kan kuɗin da ke kwana a hannunmu ne alhali kuwa ba namu ba ne. Muna nufin cikon kuɗin shanu wanda mai shi ya tafi ya bari, ya ce sai ya dawo, aka yi wata, aka yi shekara, shiru.

Kowa ya san yadda abin ke farawa. Bafatake ya loda shanu daga Puytenga ko Fada Ngurma a Barkina Faso, ya shigo ta Bawku ko ta Paga, ya sauka wajen maigidansa. Dillali ya sayar wa mahauta da masu kaiwa Kumasi da Tulaku, galibi bashi, maigida ya tsaya lamuni. Shi baƙo ba ya iya zaman jiran kowane mahauci, don kasuwa tana jiransa a can. Sai ya karɓi abin da ya samu ya juya. Alal misali, a ce shanu 12 ne, an yi ciniki sidi 120,000, an cire la'ada da kuɗin kara da abin da aka ci, ya tafi da 95,000, saura 20,000 a wajen mahauta biyu. Bayan mako uku mahautan suka biya. To, daga wannan rana sidi 20,000 ɗin nan ya zama nauyi a wuyan maigida, ko mai shi ya tuna ko ya manta.

A nan ne mafi yawanmu ke zamewa, ba don mugun nufi ba. Kuɗin yana shiga jaka ɗaya da jarinmu, ranar kasuwa ta zo, ga sa mai araha, sai mu saya. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta ajiya da bashi. Ajiya in ta salwanta ba da sakacinka ba, ba ka biya. Amma da zarar ka juya ta a kasuwa, ta koma bashi a kanka, ko ɓarayi ne suka tare ka a hanya sai ka biya. Littafin Risala da muka karanta a makaranta ya nuna cewa yin fatauci da kuɗin ajiya makaruhi ne, masu sharhi kuma sun tsananta a kan wanda ba shi da abin da zai mayar in an yi hasara. Saboda haka kuɗin baƙo a ware shi. In akwai hali a buɗe masa asusu dabam a banki wanda ba a taɓa shi don ciniki. In babu, ko ambulan ne da sunansa a kai, ya fi cakuɗawa.

Sa'an nan rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma a kara har yanzu mutum yakan ji kunya ya ce a rubuta, wai kada a ce bai yarda da ɗan'uwansa ba. Mu dai a ganinmu wannan kunya ta ci dukiyar marayu fiye da yadda ɓarayin shanu suka ci. Littafin maigida ya kamata ya zama yana da shafi guda ga kowane baƙo: ranar da ya zo, shanu nawa, wa ya saya, nawa aka biya, nawa ya rage, da sunayen shaidu biyu. Ajami ko boko, duk wanda ɗanka zai iya karantawa in ba ka nan.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne sunan mutumin kansa. A littattafai da yawa sai ka ga an rubuta "Alhaji na Jibo" ko "Dogo Bafillace". Alhazai nawa ne a Jibo? A rubuta sunansa da na mahaifinsa, da garinsu da unguwarsu, da sunan maigidansa na can, da wani ɗan'uwansa guda wanda za a iya nema. Lambar waya ita kaɗai ba ta isa ba. Mun ga abin da ya faru a 2023 da aka toshe layukan da ba a haɗa su da Ghana Card ba, baƙi da yawa lambobinsu na nan suka mutu, kuma layin da ya daɗe a mace kamfani yana iya ba wani. Wanda ya tura ciko ta waya bai fara kira ya ji muryar mai shi ba, in kuɗin ya faɗa hannun wani, bashin yana nan a kansa.

Har ila yau a rubuta irin kuɗin da aka yi ciniki da shi, sidi ko sefa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mu da muke ƙetare iyaka. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, masu bin bashi da waɗanda ake bi suka yi ta jayayya a kan wane lissafi za a bi. Sidi kuwa kowa ya san halinsa. In an ƙulla da sefa, sefa za a biya, ko canji ya hau ko ya sauka. In da sidi ne, sidi. Kuma masu tsofaffin littattafai su lura: a watan Yuli na 2007 aka sauya kuɗin Gana, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1. Magada in suka ga miliyan 10 a shafin da aka rubuta kafin nan, sabon sidi 1,000 ke nan a lissafi. Amma kuɗin da ya sayi shanu a wancan lokaci yau da ƙyar ya sayi akuya, don haka wanda ya riƙe kuɗin mutane shekaru yana juyawa, ya kamata a zauna gaban malami a yi sulhu, kada ya miƙa ɗan abin nan ya ce ya fita.

To, me ke hana mutum dawowa? Mutuwa ce ta farko, sai ciwo, sai tashin hankali. Ƙasar nan tamu ta ga wannan ba sau ɗaya ba. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa Salaga, fatake suka bazu Kete Karachi da Yeji da Kintampo. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, mutanen Nijeriya da Nijar da sauransu suka tafi suka bar gidaje da rumfuna da basussuka a zangogi. A 1994 rikicin da ya tashi a yankin Bimbila ya kai Yendi da Salaga. Rigimar Bawku kuwa ba sai mun ba kowa labari ba, kuma rashin tsaro a arewa da gabashin Barkina ya tashi rugage da kasuwanni da yawa. Mutumin da ya daina zuwa, sau da yawa ba yafewa ya yi ba. Yana iya kasancewa a wani gari da iyalinsa ba su da ko saniyar tatsa, ga haƙƙinsa a kwance a Savelugu.

Saboda haka nema wajibinmu ne, ba jira ba. In baƙo ya tsallake zuwan da ya saba har sau biyu, a kira shi. In ba a same shi ba, a aika ta bakin direbobi da abokan tafiyarsa zuwa ga maigidansa na can. In an yi wata shida, a sanar da shugabannin kara da Sarkin Zango, a sa a yi cigiya a masallacin Juma'a na garinsu. Kowane aike a rubuta ranarsa da wanda aka aika a shafin mutumin, don ranar da magada za su tambaya.

Wasu suna cewa ai tsintuwa ce, in an yi shekara ta halatta. A'a. Tsintuwa ita ce wadda ba a san mai ita ba, ita ake cigiya shekara guda, bayan nan ma in ka yi sadaka da ita mai ita ya bayyana, yana da ikon ya ce ka biya. Cikon bafatake kuwa an san mai shi. In ya rasu, na magadansa ne, bayan an biya bashin da ake binsa. In ya ɓata ba a san yana raye ko ya mutu ba, hukuncin ɓataccen mutum ke kansa, kuma a mazhabarmu ba a raba dukiyarsa sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye, alƙali ne kuma ke yanke wannan. Sai in an rasa shi an rasa magadansa bayan nema na gaskiya, sa'an nan malamai suke cewa a yi sadaka da niyyar ladan ya je gare shi, da sharaɗin in wani mai haƙƙi ya ɓullo za a biya. Wannan ma kada mutum ya yanke wa kansa shi kaɗai a ɗaki.

Dokar ƙasa ita ma tana da nata. A dokar 1972 mai ƙayyade wa'adin kai ƙara, bashin ciniki in ya wuce shekara 6 ba a kai kotu ba, wanda ake bi yana iya kare kansa da cewa lokaci ya wuce. Wannan ƙofar kotu kawai ta rufe, ba ta wanke kowa ba. Mu da mahauta ke riƙe wa kuɗi sai mu kula da wannan wa'adi.

Abin da ya fi shafar mai ajiya shi ne dokar bankuna ta 2016, mai lamba 930. Asusun da aka yi shekara 2 mai shi bai zuba ba bai cire ba, banki yana sa shi cikin asusai masu barci. In ya ƙara shekara 3 a haka, watau 5 ke nan, sai a buga sunaye a jarida a miƙa kuɗin ga Babban Bankin Gana. Ba ƙwacewa aka yi ba, mai shi ko magajinsa yana iya nema ta hannun bankin da ya ajiye, amma sai da takardun shaida, magaji kuma sai da takardar kotu ta kula da gado. Asusun kuɗi na waya shi wata 12 ne yake zama mai barci. Don haka maigidan da ya buɗe asusun ajiyar baƙi ya riƙa motsa shi, kuma ya sanar da babban ɗansa ko wani amintacce cewa asusun nan na mutane ne, ga littafinsa. In ba haka ba, ranar da ya faɗi, ko dai a raba shi cikin gado, ko ya yi ta barci har ya tafi Babban Banki ba wanda ya sani.

Ranar biya ita ma da ƙa'idarta. Wanda ya zo ya ce shi ɗan marigayi ne, a karɓe shi da mutunci a ba shi masauki, amma kada a ƙirga masa ko sisi sai ya zo da wanda muka sani daga garinsu, ko takarda daga limami ko sarkinsu mai nuna sauran magada sun wakilta shi. In ka ba ɗa guda ya cinye, sauran suna da ikon su dawo kanka. A biya gaban shaidu biyu, a buɗe masa shafin ubansa ya ga lissafin da idonsa, ya sa hannu ko ya dangwala, a rubuta ranar, sa'an nan a ja layi a kan shafin.